Ɗan Kasawa, Sarkin Katsina na Maraɗi

Ranar hawan salla a Maraɗi, idan sarki ya fito, ku kasa kunne ku ji yadda maroƙa suke kiransa. Ba su cewa Sarkin Maraɗi. Sarkin Katsina suke cewa. Ga shi kuwa birnin Katsina yana cikin Najeriya, wajen kilomita 90 kudu da Maraɗi, kuma yana da nasa sarki. Yaya aka yi sarautar Katsina ta rabu biyu? Amsar tana cikin labarin wani mutum da ake kira Ɗan Kasawa, wanda ya rasu yau kusan shekara 200.

Ɗan Kasawa ɗan sarki ne, jikan sarakuna. Ubansa Agwaragi ya yi sarautar Katsina wajen ƙarshen ƙarni na 18. In an bi salsalar gidansu, sai an koma baya fiye da shekara 300 kafin a kai ga tushe.

Masu ba da tarihi sun ce sarakunan Katsina na farko Durɓawa ne. Suna fara ƙirga su daga Kumayo, jikan Bayajida na Daura. Mazauninsu Durɓi ta Kusheyi, inda har yau ake ganin manyan tuddai na kaburbura. Na ƙarshensu shi ne Sanau. A zamaninsa wani baƙo ya zo daga Ƴandoto, sunansa Korau. An ce sun yi kokawa, Korau ya kā da Sanau, ya kashe shi, ya hau gadon sarauta. Wannan a cikin ƙarni na 15 ne. Muhammadu Korau shi ake lissafawa sarkin Katsina musulmi na farko, kuma daga gidansa su Ɗan Kasawa suka fito. Durɓawa kuwa ba a kore su ba. An bar musu sarautar Durɓi, aka sa su cikin masu zaɓen sarki. Ku riƙe wannan suna, za mu sake gamuwa da shi a Maraɗi.

Lokacin da Ɗan Kasawa yake yaro, Katsina tana cikin manyan biranen ƙasar Hausa. Ganuwa ta kewaye ta. Ayarin raƙuma yana saukowa daga Agadas da gishiri da dabino, Larabawa suna kawo kaya daga Turabulus, fatake suna kawo goro daga Gwanja. Almajirai suna zuwa neman ilimi garin Ɗan Marina da Ɗan Masani. Ƙasar Katsina ta miƙa arewa har ta haɗa da Maraɗi da Tasawa da Gazawa. Babu wata iyaka tsakanin waɗannan garuruwa da birni. Ƙasa ɗaya ce, sarki ɗaya.

Amma ba zaman lafiya ake yi kullum ba. Gobir da Katsina sun daɗe suna gaba. Sarkin Gobir Bawa Jan Gwarzo ya matsa wa Katsinawa ƙwarai, sai da Agwaragi ya kara da shi a Ɗan Kaishi, Gobirawa suka sha kashi. Bawa bai daɗe ba ya rasu, wajen shekarar 1790. Cikin irin wannan hayaniya ta dawaki da masu da tambura Ɗan Kasawa ya girma.

Sa'annan wani babban al'amari ya taso. Shehu Usman ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta, cikin Nijar ta yau, ya yi shekaru yana wa'azi a ƙasar Gobir. Yana sukar sarakuna game da zalunci da yawan haraji da haɗa musulunci da al'adun gargajiya. A 1804 ya yi hijira zuwa Gudu, yaƙi ya tashi. Ba Fulani kaɗai suka bi shi ba. Akwai Hausawa da Buzaye cikin jama'arsa, kuma sarakunan da ya yaƙa su ma musulmi ne tun kaka da kakanni. Shi ya sa wannan yaƙi ya raba dangi, ya raba gari.

A ƙasar Katsina mutum uku suka karɓi tuta: Umarun Dallaje, Umarun Dumyawa da Na Alhaji. Suka yi ta yaƙi da birni har ya faɗi a 1807. Sarki Magajin Halidu ya fita da mutanensa, ya yi arewa zuwa Ɗankama. Can aka sake gwabzawa, Katsinawa suka watse. An ce da Halidu ya ga haka, sai ya faɗa rijiya, don kada a kama shi da rai.

Manyan sarakunan da suka tsira ba su yarda sarauta ta mutu cikin rijiyar nan ba. Nan take suka naɗa Ɗan Kasawa. Ku duba irin sarautar da aka ba shi: ba fada, ba ganuwa, ba kasuwa, ba rumbu ko ɗaya. Abin da ke gare shi suna ne, da ƴan dawaki, da mutanen da suka ƙi rabuwa da shi. A Katsina kuwa Umarun Dallaje ya zama sarki.

Ɗan Kasawa ya nufi gabas, ya shiga ƙasar Damagaram, wadda take bin Barno, jihadi bai ci ta ba. Aka ba shi masauki. Daga baya ya koma wani gari da ake kira Gafai, ya zauna. Shekara wajen 12 ya yi yana zaman baƙunci. Yaron da aka goyo daga Ɗankama ya isa kiwon awaki, ya isa riƙon hauya, bai taɓa ganin ƙofar Katsina ba.

Ba shi kaɗai wannan ƙaddara ta samu ba. Sarkin Kano Alwali ya gudu, aka bi shi aka kashe shi a Burumburum. Sarkin Zazzau Makau ya yi kudu, ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa garin Abuja, wanda ake kira Suleja yanzu. Sarakunan Daura suka yi ta yawo kafin su zauna a Zango. Sarkin Gobir Yunfa ya mutu a Alƙalawa a 1808.

Yanzu bari mu bar Ɗan Kasawa a Gafai, mu dubi inda zai je.

Gulbin Maraɗi yana tasowa daga ƙasar Katsina, ya bi ta Jibiya, ya shigo Nijar wajen Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Gidan Rumji, sa'annan ya sake komawa Najeriya. Da damina yake kawo ruwa. Da rani ya ƙafe, amma ruwa ba ya nisa a ƙarƙashin yashi. A wancan zamani kwarin gulbi kurmi ne mai duhu, da manyan itatuwa da sarƙaƙiya da namun daji. Mutane suna zaune cikinsa tun da daɗewa: manoma, mahalba, maƙera, masunta. Da yawansu Anna ne, watau Hausawa masu bin addinin kakanni. Kowane dangi yana da gadonsa, sana'ar da ya gada da wuraren da yake girmamawa. Su suka san inda za a gina rijiya, su suke buɗin daji kowace shekara. Tsofaffi suna ambaton wani mai suna Barki cikin waɗanda suka fara zama a Maraɗi. Shi kansa sunan garin sarauta ce ta Katsina: mai riƙon wurin ake kira Maraɗi, har sunan ya bi gari.

Bayan faɗuwar birni, sabuwar sarautar Katsina ta ajiye wakili a Maraɗi, sunansa Mani. Mutanen gulbi ba su ji daɗin mulkinsa ba. Suka yi shawara a ɓoye, suka tashi, suka kashe shi. Sun san ba za a ƙyale su ba, kuma ba su da dawaki ko shugaban da zai haɗa kansu. Sai suka aika Gafai a kira Ɗan Kasawa. Ya zo Maraɗi wajen shekarar 1819.

Wannan wuri ya kamata a lura da shi. Ɗan Kasawa bai ci Maraɗi da yaƙi ba, kiransa aka yi. Bai kuma iske daji wofi ba, ya iske masu ƙasa. Shi ya kawo sunan sarauta da mayaƙan doki. Su suka ba shi wurin zama, da hatsi, da ƴan baka, da kurmin da dawakin abokan gaba ba su iya kutsawa ciki. Da ɗaya ya rasa ɗaya, da ba a daɗe ba an murƙushe su duka.

Umarun Dallaje ya kawo yaƙi, bai iya fid da shi ba. Da labari ya bazu, Katsinawan da suka warwatsu suka riƙa tahowa Maraɗi, gida gida, da mata da yara da dabbobi. Wasu daga gidan sarautar Kano ma nan suka sami mafaka. Ƙauye ya zama birni, aka kewaye shi.

Ɗan Kasawa bai ƙago sabuwar sarauta ba. Ta Katsina ya ɗauko ya dasa. Manyan sarakuna huɗu, waɗanda ake kira rukuni, suka riƙe matsayinsu: Kaura, shugaban mayaƙa, da Galadima, da Ƴandaka, da Durɓi. Ga Durɓin nan da muka baro tun zamanin Korau. Su huɗun nan suke zaɓen sarki, kuma sarki ba ya yanke babbar magana sai da su. Akwai Iya, mace daga gidan sarauta, mai kula da sha'anin mata da na bori. Akwai limamai da alƙali, domin fada ta musulmi ce. Anna kuwa aka bar su da shugabanninsu da al'adunsu, suna noma, suna ba da hatsi, suna fita yaƙi in an buga tambari.

Abu ɗaya ne a zuciyar Ɗan Kasawa: komawa Katsina. Da kaka ta yi, an gama girbi, hanyoyi sun bushe, sai a ɗaura sirdi. Ya karɓi garuruwa da dama na arewacin ƙasar. Ya ƙulla amana da Gobirawa, waɗanda ubansa ya yaƙa, domin su ma an raba su da birninsu. A Sakkwato ana kiran wannan tashi tawaye. Wani Bature mai suna Kilafatan ya je Sakkwato a 1824, ya biyo ta Katsina da zai koma, ya kuma rubuta yadda ƴan tawaye suka sa hanya ta zama abin tsoro ga matafiya.

Kada mu ɗauka yaƙin nan abin sha'awa ne. Talakawa suka fi shan wuyarsa, ko ta wane gefe. An ƙone ƙauyuka, an kwashe shanu, an kama mutane an sayar. Tsakanin Maraɗi da Katsina gonaki suka koma daji. Lokacin da Bajamushen nan Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa a 1851, sai da ya ratsa babban daji mai hatsari kafin ya kai Katsina.

Ɗan Kasawa ya rasu wajen 1830, bai sake shiga birnin kakanninsa ba. Rauda ya gaje shi. A 1836 Rauda da Sarkin Gobir Ali suka kara da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Gawakuke, aka kashe su duka biyu. Duk da haka Maraɗi ba ta faɗi ba. Ɗan Mari ya hau, ya taimaki Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa Tsibiri, kusa da Maraɗi. Tun daga nan Katsinawa da Gobirawa suke maƙwabtaka a bakin gulbi ɗaya. Daga baya Ɗan Baskore ya yi fiye da shekara 20 yana sarauta, ya kai yaƙi har ƙofar Katsina, shi ma bai shiga ba. Da Nasara suka zo, Faransa da Ingila suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20. Maraɗi ta faɗo hannun Faransa, Katsina hannun Ingila.

Muddin ana yaƙi, mutane ba su iya yin nisa da gulbi. Suna cunkushe cikin garuruwa masu shinge da ganuwa. Da yaƙi ya ƙare, sai suka fara hawa tudu neman gona. Magidanci ya ɗauki ƴaƴansa da ƙannensa, ya sami wuri, ya sare daji, ya gina rijiya. Wasu su biyo shi, ya zama mai gari, a sa wa wurin sunansa. Shi ya sa ƙauyuka da yawa na jihar Maraɗi sunansu yake farawa da Gidan ko Garin. Wanda yake son ya san asalin gidansu, sai ya tambayi tsofaffi wa ya gina rijiyar farko ta ƙauyen, daga wane gari ya taso, kuma wace irin aska ce a fuskarsa. Sau da yawa amsa takan koma gulbi. Wasu su iske kakansu ya zo da Ɗan Kasawa, wasu su iske nasu yana cikin waɗanda suka tarbe shi, wasu Bagobiri ne, ko Bafillace, ko Buzu, ko wanda aka kamo wurin yaƙi. Aure ya gauraya su tuni.

Birnin da Ɗan Kasawa ya zauna, cikin kwari yake. A 1945 gulbi ya yi ambaliya, ya rushe gidaje da yawa. Aka tashi garin aka mai da shi bisa tudu, inda yake yanzu. Mutane suka hau da sunayen unguwanninsu: Bagalam, Limanci, Mokoyo, Ɗan Gulbi, Ƴandaka, Maraɗawa. A 2010 gwamnatin Nijar ta ɗaga sarautar Katsina ta Maraɗi da ta Gobir ta Tsibiri, ta ba sarakunansu matsayin sultan.