Alhaji Umaru Kete-Krachi: Bakanon Da Ya Zama Limamin Zango A Ƙasar Wasu

A kwanakin nan muna yawan jin labarin mutanen Latin Amurka da ke kwarara zuwa ƙasar Amurka neman abinci, da yadda 'ya'yansu ke tashi tsakanin harsuna biyu. Mu a nan Tignère wannan ba baƙon labari ba ne, domin kakannin Hausawan Banyo da Tibati da Ngaoundéré da Garoua fatauci ne ya kawo su, kuma yau jikokinsu da dama sun fi sakewa da Fulatanci ko Faransanci. Shi ya sa muka ga ya dace mu kawo wa masu karatu tarihin wani malami da ya yi irin wannan ƙaura, wato marigayi Alhaji Umaru ɗan Abubakar.

An haife shi a birnin Kano a shekarar 1858, amma asalin gidansu Kabawa ne. Mahaifinsa falke ne mai safarar goro, saboda haka tun yana matashi ya san hanyar Gwanja. Ya yi karatu a Kano, sannan ya ƙaro a ƙasar Sakkwato da Gwandu, kuma tun bai cika shekara 20 ba ya rubuta littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa.

A shekarar 1892 ya tare a Salaga, babbar kasuwar goro da ke arewacin Ghana ta yanzu. Sai dai bai yi sa'a ba, don a wannan shekarar ce yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin 'ya'yan sarautar Gwanjawa, kasuwa ta mutu, fatake suka watse. A 1896 shi ma ya bi sahu zuwa Kete-Krachi a bakin kogin Volta, wadda a lokacin take hannun Jamusawan Togo.

A nan ne aka ga irin hikimarsa. Krachi gari ne na mashahurin tsafin nan Dente, Kete kuwa zangon baƙi ne Musulmi, ga kuma Bature a kan kowa. Malam Umaru bai ɗauki makami ba, bai kuma kwashe littattafansa ya yi gabas ba kamar yadda wasu suka yi bayan faɗuwar Sakkwato a 1903. Ya zauna, ya buɗe makaranta, ya zama limamin zango, ɗalibai suka riƙa zuwa daga nesa.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne hulɗarsa da Turawa. A waƙoƙinsa na Larabci da na Hausa kan zuwan Nasara ya lissafta garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, ya kuma nuna takaicinsa a fili kan yadda suka shigo da sunan ciniki suka ɓuge da mulki. Amma shi ɗin ne dai ya zauna da jami'in Jamus Adam Mischlich yana koya masa Hausa, yana rubuta masa tarihin ƙasar Hausa da sana'o'inta da al'adun aure da na kasuwa da ajami. Mischlich ya fitar da ƙamus ɗin Hausa da Jamusanci a 1906. Wani zai ce wannan baki biyu ne. Mu dai a namu ganin, mutum ne da ya fahimci cewa baƙo ba ya da ƙarfin ja da mai bindiga, amma yana da ikon hana tarihinsa ɓacewa. Waɗannan rubuce-rubucen har yau masana na dogaro da su wajen sanin rayuwar Hausawa kafin mulkin mallaka. Ina ma an sami wanda ya yi wa Hausawan Adamawa irin wannan aiki lokacin da Jamusawa suka ci Tibati a 1899 da Garoua a 1901.

Bai tsaya kan siyasa kaɗai ba. Ya yi doguwar waƙa kan talauci da wadata, inda ya zayyana wulaƙancin da matalauci ke sha a cikin jama'a, ya kuma yi wata kan annobar murar da ta game duniya a 1918.

Ya tafi aikin Hajji wajen 1913, inda ya karɓi ɗariƙar Tijjaniyya a hannun Alfa Hashim a Madina. Daga baya duniya ta juya, Jamusawa sun sha kashi, Ingilishi sun karɓi Kete-Krachi. Ya ci gaba da limanci da karantarwa a ƙarƙashin sabbin masu mulki, almajiransa kuma suka bazu a zangunan Kumasi da Accra da sauran garuruwa.

Bai koma Kano da zama ba. Ya rasu a Kete-Krachi a 1934 yana da shekara 76, Allah ya jiƙansa. Tsohon garin da ya yi limanci a cikinsa kuwa ruwa ya cinye shi bayan gina madatsar Akosombo a 1965, aka mayar da mutanen sabon matsuguni a kan tudu.