Malam Abdullahin Gwandu da Haƙƙin Mata

An haifi Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu Mujaddadi, wajen shekarar 1766. A hannun Shehu ya yi karatu mai yawa, daga baya ya zama wazirinsa.

Sa'ad da suke wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami, Mustafa Gwani, ya soki Shehu saboda barin mata suna halartar majalisinsa. Abdullahi ne ya ba shi amsa da waƙar Larabci, wadda ya kawo cikin littafinsa Tazyinul Waraƙati. Hujjarsa ita ce, barin mata cikin jahilci ya fi cuɗanyar da ake gudu muni. Lalle kuwa da maza ake wannan magana, domin matar da ba ta san haƙƙinta ba, ko dukanta aka yi sai ta zaci addini ne ya yarda. Shehu ma cikin Nurul Albabi mazaje ya ɗora wa laifin, har da malamai.

Da aka raba mulki a 1812, aka danƙa masa yammacin daula. Bagudo da Ka'oje da Illo, har bakin iyakar Benin, yau duk cikin masarautar Gwandu suke. Ya rasu a 1829, kabarinsa yana Gwandu. Allah Ya jiƙansa.