Edwin Hall, Ɗalibin da ya Ƙi Yarda da Maganar Littafi

A cikin motocin da ake kai wa makanikai a Panteka, da wayoyin hannu da ke aljihun ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai wata 'yar na'ura wadda aikinta shi ne jin ƙarfin maganaɗisu. Ana kiranta da sunan Hall, wato Edwin Herbert Hall, mutumin Amurka.

An haife shi ran 7 ga Nuwamba 1855 a Jihar Maine. Da ya gama Kwalejin Bowdoin cikin 1875 sai ya yi shekara biyu yana shugabancin makarantun sakandare, sa'an nan ya tafi Jami'ar Johns Hopkins, ya zauna ƙarƙashin Shehun Malami Henry Rowland.

A can ne ya ci karo da wata magana a babban littafin James Clerk Maxwell, wanda a zamanin nan babu na biyunsa a ilmin lantarki. Littafin ya nuna cewa idan aka sa waya mai ɗauke da lantarki kusa da maganaɗisu, wayar ce ake turawa, lantarkin da ke cikinta kuwa ba abin da ke taɓa shi. Abin bai kwanta wa Hall a rai ba, domin wayar da babu lantarki a cikinta ba ta motsawa. Ya kai wa Rowland maganar, ashe shi ma yana shakka, sai ya bar shi ya gwada.

Gwajin farko, da ya yi da waya, bai nuna kome ba. Sai ya koma ga fallen zinariya, wanda ya fi takarda rashin kauri nesa ba kusa ba, ya shimfiɗa shi a kan gilashi tsakanin bakuna biyu na maganaɗisu, ya saki lantarki ta tsawonsa, ya haɗa ma'auni a gefe da gefe. Ran 28 ga Oktoba 1879 allurar ma'aunin ta gusa. Maganaɗisun ya karkata lantarkin zuwa gefe guda. Hall yana da shekara 23 a lokacin. Maxwell kuwa ya rasu ran 5 ga Nuwamba, bayan kwana takwas.

Abin lura shi ne, babu wanda ya iya bayyana dalilin sosai, don sai cikin 1897 aka gano ilektaron, ƙwayar da ke ɗaukar lantarki. Ba a kuma sami abin yi da binciken ba, saboda a cikin ƙarafa alamar ba ta taka kara ta karya ba. Hall ya koma Jami'ar Harvard cikin 1881, ya zama shehun malami cikin 1895, ya yi ritaya cikin 1921. Malaman sakandare sun fi saninsa da jerin gwaje-gwaje 40 da ya tsara domin ɗalibai su riƙa yi da hannunsu. Ya rasu ran 20 ga Nuwamba 1938.

Amfanin ya zo ne bayan 1950, da aka ƙware wajen sarrafa semikondakta, wato ma'adinan da ke tsaka-tsaki wajen ɗaukar lantarki. Ƙwayoyin lantarki a cikinsu kaɗan ne, saboda haka dole su yi gudu, kuma gwargwadon gudunsu gwargwadon yadda maganaɗisu ke karkata su. Nan alamar ta ninka sau dubbai. Cikin 1980 Bajamushe Klaus von Klitzing ya gano wani sabon fanni na abin, aka ba shi lambar Nobel cikin 1985. Cikin 1992 masana a ɗakunan bincike na Bell suka ƙera na'urar Hall wadda faɗinta bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Ana jan ta sannu a hankali a bisa abin da ake bincike, tana auna maganaɗisun kowane ɗigo, kwamfuta kuma tana haɗa awon ya zama hoto.