Mahatma Gandhi, lauyan da ya tafi ci-rani ya dawo jagora

A watan Afrilun 1893 wani matashin lauya ɗan shekara 23 ya shiga jirgin ruwa a birnin Bombay na ƙasar Indiya, ya nufi Afirka ta Kudu domin aikin kwantiragi na shekara guda.

Bai yi sallama da ƙasar baki ɗaya ba sai bayan shekara 21, kuma a lokacin ya riga ya jingine aikin lauya, ya zama jagoran gwagwarmayar da duniya ta sani da suna Mahatma Gandhi.

Haihuwa da karatu

An haifi Mohandas Karamchand Gandhi ranar 2 ga watan Oktoban 1869 a garin Porbandar da ke gaɓar teku a yankin Gujarat. Mahaifinsa ya riƙe muƙamin wazirin sarkin garin, iyalinsa kuma mabiya addinin Hindu ne. An yi masa aure da Kasturba yana ɗan shekara 13.

Bayan rasuwar mahaifinsa, dangi suka ga cewa karatun lauya a Ingila ne zai mayar wa gidan martabarsa. A 1888 ya tafi Landan, ya shiga makarantar lauyoyi ta Inner Temple, a watan Yunin 1891 kuma ya samu izinin tsayawa gaban kotu. Da ya dawo gida ne aka shaida masa cewa mahaifiyarsa ta rasu yana can.

Takardar Landan ba ta buɗe masa ƙofa a Bombay ba. A shari'arsa ta farko, da ya miƙe zai yi wa shaida tambayoyi, sai baki ya mutu, ya zauna, ya mayar da kuɗin da aka biya shi. Daga nan ya koma garin Rajkot yana rubuta wa mutane takardun koke domin samun abin sawa a bakin salati.

Tayin Dada Abdulla

Ana cikin haka sai tayi ya zo daga kamfanin Dada Abdulla, wani attajiri Musulmi ɗan asalin Porbandar da ke harkokinsa a birnin Durban. Kamfanin na bin wani ɗan uwansa, Tyeb Sheth na Pretoria, bashin fam 40,000, kuma maganar tana gaban kotu.

Kamfanin yana da lauyoyinsa Turawa. Abin da yake bukata shi ne mai jin Gujarati da Turanci wanda zai tsaya tsakanin attajirin da lauyoyin. An yi wa Gandhi alkawarin fam 105 da kuɗin jirgi zuwa da dawowa.

Matsayin ya fi kusa da na akawu, ga shi zai bar mata da 'ya'ya biyu. Amma da yake ba shi da abin da ya kama a gida, sai ya karɓa.

Kwanaki kaɗan da isarsa Durban, alƙalin wata kotu ya umarce shi da ya cire rawaninsa, shi kuwa ya ƙi, ya fice. Ranar 7 ga watan Yunin 1893, a kan hanyarsa ta zuwa Pretoria, aka fitar da shi da ƙarfi daga taragon masu daraja ta ɗaya a tashar Pietermaritzburg saboda launin fatarsa, alhali yana riƙe da tikitinsa. A ɗakin jiran fasinjoji ya kwana cikin tsananin sanyi, yana auna komawa Indiya da ci gaba da tafiya. Ya zaɓi ci gaba.

A Pretoria ya gano cewa kuɗin lauyoyi na neman cinye 'yan uwan biyu, don haka ya shawo kansu suka yarda da sulhu. Mai shiga tsakani ya ba Dada Abdulla gaskiya, Gandhi kuma ya roƙe shi ya karɓi kuɗinsa kaɗan-kaɗan, domin kada ɗan uwansa ya karye.

Zama da attajirin ya sa ya karanta fassarar Alƙur'ani mai girma, ya kuma ƙulla zumunci da Musulmi wanda ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Shekara guda ta zama 21

A 1894, a wajen walimar ban-kwana da aka shirya masa, ya ga labari a jarida cewa majalisar dokokin Natal na shirin hana Indiyawa jefa ƙuri'a. 'Yan kasuwar suka roƙe shi ya tsaya, suka yi alkawarin ba shi shari'o'insu. A watan Agustan shekarar aka kafa ƙungiyar Natal Indian Congress, shi ne sakatare.

Ƙungiyar lauyoyin Natal ta nemi a hana shi aiki a Kotun Ƙoli ta yankin, amma kotun ta yi watsi da bukatar. A 1903 ya buɗe ofishi a Johannesburg, kuma mutumin da ya kasa buɗe baki a Bombay ya zama lauya mai samun kuɗi sosai.

Al'amura sun sauya a 1906, lokacin da gwamnatin Transvaal ta fito da dokar tilasta wa Indiyawa yin rajista da dangwala yatsu. Ranar 11 ga watan Satumba dubban Indiyawa suka taru a Johannesburg, suka sha alwashin bijire wa dokar ba tare da ɗaga hannu a kan kowa ba. Wannan salo ne aka raɗa wa suna Satyagraha, wato riƙo da gaskiya.

An ɗaure shi karon farko a watan Janairun 1908. A watan Agusta kuma aka ƙona takardun rajista a harabar masallacin Hamidia. Sannu a hankali ya bar aikin lauya, ya koma zaman talaka. A 1914 gwamnati ta soke harajin fam 3 da ke kan leburorin Indiya da suka gama kwantiragi.

Komawa gida

Ya sauka Bombay ranar 9 ga watan Janairun 1915, ranar da Indiya ta ware tun 2003 domin tunawa da 'yan ƙasarta mazauna ƙetare.

Ya mara wa Musulmin Indiya baya a fafutukar kare Khalifancin Usmaniyya bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya. A 1922 aka yanke masa ɗaurin shekara 6 bisa laifin tunzura jama'a, Inner Temple kuma ta soke sunansa daga jerin lauyoyi. Ba ta mayar da shi ba sai 1988.

A 1930 ya jagoranci tattakin kusan kilomita 385 zuwa bakin teku domin karya dokar gishiri ta Turawan mulkin mallaka. Indiya ta samu 'yanci a watan Agustan 1947, amma an raba ta da Pakistan, abin da bai so ba, kuma dubban ɗaruruwan mutane suka hallaka. Ya yi ta ƙaurace wa abinci a Kalkata da Delhi domin a daina kashe-kashen.

Ranar 30 ga watan Janairun 1948 wani ɗan Hindu mai tsattsauran ra'ayi, Nathuram Godse, ya harbe shi a Delhi, yana zarginsa da fifita Musulmi. Ya mutu yana da shekara 78.

Yabo da suka

A Afirka ana yi wa tarihinsa kallo biyu. Rubuce-rubucensa na farko a Natal na ɗauke da kalaman raini ga baƙaƙen fata, kuma haƙƙin Indiyawa kaɗai ya nema a can. Saboda haka ne aka cire mutum-mutuminsa daga Jami'ar Ghana a watan Disambar 2018, bayan koken malamai da ɗalibai.

Sai dai kuma salonsa ya yi tasiri a kan Martin Luther King a Amurka, da shugabannin farko na jam'iyyar ANC a Afirka ta Kudu. A arewacin Najeriya, Malam Aminu Kano na cikin waɗanda suka nazarci tafarkinsa na neman haƙƙin talakawa ba da makami ba.