Mark Donohue: Injiniyan da ya ladabtar da injin turbo, ya rasu sanadiyyar hatsari a fagen tsere

A farkon shekarar 1972, kamfanin Porsche na ƙasar Jamus yana da injin motar tsere mai ƙarfin doki sama da 800, amma tuƙa motar ya zama jan aiki. Idan direba ya taka totur a hankali, injin ya riƙa shaƙewa, wani lokaci ma ya mutu. Idan ya taka da ƙarfi, sai motar ta yi jinkiri, can kuma ƙarfin ya zo gaba ɗaya kamar harbin jaki. Ɗaya daga cikin waɗanda suka warware wannan matsala shi ne Mark Donohue, Ba'amurke, direba kuma injiniya, wanda ya rasu a 1975 yana da shekara 38.

Daga jami'a zuwa fagen tsere

An haifi Mark Donohue ranar 18 ga Maris 1937 a jihar New Jersey ta Amurka, ya kuma taso a garin Summit. Ya karanta fannin ƙere-ƙeren injuna a jami'ar Brown, inda ya kammala a 1959. Tun yana ɗalibi ya fara shiga gasa da motarsa ƙirar Corvette. A 1961 ya zama zakaran ƙasa a ajinsa na masu tsere don sha'awa, da wata ƙaramar mota ƙirar Elva Courier.

Wani gogaggen direba mai suna Walt Hansgen ne ya ja shi a jiki ya shigar da shi cikin manya. A farkon 1966 su biyun suka tuƙa Ford GT40, suka zo na uku a tseren awa 24 na Daytona, suka zo na biyu a na awa 12 na Sebring. Cikin watan Afrilu na shekarar Hansgen ya yi hatsari wajen gwaji a Le Mans ta Faransa, ya rasu. A wannan shekara ce Roger Penske, tsohon direba da ya kafa ƙungiyar tsere tasa, ya ɗauki Donohue. Ba su rabu ba har ƙarshen rayuwarsa.

A wajen Penske, Donohue ba zaman jiran makanikai yake yi ba. Da shi ake kwance mota, da shi ake ɗaure ta. Yakan kai mota wani fili mai zagaye, ya yi ta kewayawa ana auna lokaci, a canja abu ɗaya tak a sake aunawa, har a gano abin da ya ƙara gudu da abin da ya rage. A wancan zamani yawancin direbobi da abin da jikinsu ya ji suke aiki. Shi kuwa ya riƙe maganar nan ta sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma gwajin nasa da agogo da takarda ne.

Sakamako bai daɗe ba. Ya yi fice a gasar Trans-Am da Chevrolet Camaro a 1968 da 1969, sannan da AMC Javelin a 1971. Ya lashe tseren awa 24 na Daytona a 1969 tare da Chuck Parsons. A watan Mayun 1972 ya ci babbar gasar Indianapolis 500 da matsakaicin gudun kilomita 262 a awa, bajintar da ba a karya ba sai a 1984.

Matsalar turbo

Gasar Can-Am, wadda ake yi a Amurka da Kanada, kusan ba ta da iyaka kan girman inji. Daga 1967 zuwa 1971 motocin McLaren masu manyan injunan Chevrolet ne suka mamaye ta. Porsche ya yanke shawarar tunkarar su da injinsa mai silinda 12 na mota ƙirar 917, ya ɗaura masa turbo guda biyu, ya kuma miƙa motar ga Penske da Donohue.

Aikin turbo ba shi da wuyar fahimta. Hayaƙin da ke fita daga inji yana juya wata fanka. Wannan fanka tana haɗe da ta biyu, wadda ke cusa iska cikin silinda da matsi. Idan iska ta ƙaru, ana iya ƙona ƙarin fetur, ƙarfi ya ƙaru. Sai dai fankar ba ta ɗaukar gudu sai hayaƙi ya yi yawa, hayaƙi kuma ba ya yawa sai inji ya ɗauki aiki. A Indianapolis wannan bai cika damun kowa ba, domin hanyar zagaye ce, gudu ba ya sauka sosai. A Can-Am kuwa kwana ce bayan kwana: a taka birki, a sauke giya, a sake taka totur. Duk sanda direba ya ɗaga ƙafa matsin iska ya faɗi, sai ya jira ya dawo.

A lokacin babu kwamfuta a cikin inji. Wani famfo ne na kamfanin Bosch yake auna fetur ɗin da za a fesa wa kowace silinda. An saita shi ya dace da lokacin da turbo ke cikakken aiki, domin nan ne ake samun lambobin ƙarfi masu burgewa a ɗakin gwaji. Amma idan matsi ya yi ƙasa, adadin fetur ba ya dacewa da iskar da ke shiga, inji ya rikice. Kuskure ta ɗaya ɓangaren ya fi muni: idan iska ta yi yawa fetur ya yi kaɗan, zafi yana iya ƙone fistan.

Donohue ya tafi cibiyar gwaji ta Porsche da ke Weissach, ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da injiniya Helmut Flegl. Shawararsu ita ce a daina kallon ƙololuwar ƙarfi kaɗai. A fara auna fetur ɗin da injin ke buƙata ba tare da matsin turbo ba, a kowane mataki na juyawarsa, sannan a sake aunawa da matsi. Da waɗannan alƙaluma Bosch ya gyara famfon, ya zama yana la'akari da abu uku a lokaci guda: saurin juyawar inji, yadda aka taka totur, da matsin iska. Daga nan motar ta fara jin maganar ƙafar direba.

Akwatin giya ma sai da aka sauya. Motocin 917 na baya suna iya aiki da giya biyar, amma murɗin sabon injin ya fi ƙarfin haƙoransu. Porsche ya ƙera sabon akwati mai giya huɗu kacal, masu kaurin haƙori. An rage yawa domin a samu ƙwari, kuma ƙarfin injin ya isa ya cike tazarar da ke tsakanin giya da giya.

Hatsari da dawowa

A tseren farko na 1972, a Mosport ta Kanada, Donohue ya fi kowa sauri a gwajin share fage, ya ƙare na biyu. Cikin watan Yuli, yana gwaji a Road Atlanta, murfin bayan motar ya ɓalle tana tsananin gudu, ta wuntsila. Ya tsira da rai, amma gwiwarsa ta yi mummunan rauni. Penske ya kira George Follmer ya maye gurbinsa, kuma Follmer ne ya ɗauki kambun shekarar da motar da Donohue ya sha wahalar gyarawa. Donohue ya dawo kafin ƙarshen kakar, ya ci tsere ɗaya a Edmonton.

A 1973 aka fito da 917/30. An ƙara mata tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya domin ta zauna daram, injin ya kai lita 5.4 da ƙarfin doki kimanin 1,100. A kusa da direba akwai wani maɓalli da yake murɗawa ya ƙara matsin turbo idan yana son wuce wani, ya rage idan yana son tattalin inji da fetur. Cikin tsere takwas na kakar, Donohue ya rasa biyun farko, ya cinye shida a jere, ya zama zakara. A shekarar da ta biyo baya masu shirya gasar suka ƙayyade yawan fetur da mota za ta sha, Porsche ya ja baya, gasar kuma ta tsaya a ƙarshen 1974.

Darasin bai tsaya a fagen tsere ba. A 1974 Porsche ya nuna motar 911 Turbo ta hawa kan titi a baje kolin motoci na birnin Paris. Ita ma giya huɗu aka saka mata, ba ta samu ta biyar ba sai a 1989.

Kwana goma na ƙarshe

Donohue ya ajiye tuƙi a farkon 1974 bayan ya lashe gasar IROC ta farko, ya koma kula da harkokin ƙungiyar Penske. Hutun bai yi nisa ba. Kafin shekarar ta ƙare Penske ya shiga gasar Formula 1, Donohue ya sake saka hular kwano.

Ranar 9 ga Agusta 1975 ya sake hawa 917/30 a filin Talladega na jihar Alabama. A wannan karo an ƙara wa injin na'urar sanyaya iskar da turbo ke turawa, domin iskar da aka matsa tana zafi, kuma injin da aka daɗe ana take masa totur har ƙasa ba ya jure wannan zafi. Ya zagaya filin da gudun da ya haura kilomita 355 a awa, ya kafa tarihin duniya na gudu a rufaffen fili.

Kwana takwas bayan haka, da safiyar 17 ga Agusta, yana gwajin ƙarshe kafin gasar Formula 1 ta ƙasar Ostiriya, tayar motarsa ƙirar March ta fashe a wata kwana mai saurin gaske. Motar ta keta shinge, kansa ya bugu. Wani ma'aikacin filin ma ya rasa ransa sanadiyyar hatsarin. Da farko Donohue yana cikin hayyacinsa har yana magana, amma ciwon kai ya tsananta. Aka kai shi asibiti a birnin Graz, aka yi masa tiyata saboda jini da ya taru a ƙwaƙwalwa. Ya rasu ranar 19 ga Agusta 1975.

A yau aikin da wancan famfo na Bosch ya yi ya koma cikin kwamfutar inji, wadda makanikai ke kira ƙwaƙwalwar mota. Masu ƙara wa mota ƙarfi suna jona ta da kwamfutar hannu, su sauya jadawalin fetur da matsin turbo cikin ɗan lokaci. Kayan aikin sun canja, tambayoyin da Donohue ya yi suna nan: fetur ya dace da iska a kowane mataki, ko a ƙololuwa kaɗai? Zafin da ya ƙaru ina zai tafi? Akwatin giya zai iya ɗaukar sabon ƙarfin? Wanda ya murɗa matsi bai amsa su ba, inji zai saya.

Shekara guda bayan rasuwarsa, a Agustan 1976, John Watson ya ci wa Penske nasararsa ɗaya tilo a Formula 1, a wannan filin na Ostiriya. A 2009 kuma ɗansa David Donohue ya lashe tseren awa 24 na Daytona, shekara 40 cif bayan nasarar mahaifinsa.