William McGregor: Mai kantin yadin da ya ƙirƙiro gasar lig ta ƙwallon ƙafa ta farko a duniya

Duk ranar Asabar da Lahadi gidajen kallon ƙwallo a Kano da Kaduna da Jos kan cika maƙil da masu bibiyar gasar Firimiya ta Ingila, kowa ya san kulob ɗin da ke saman teburi da wanda ke neman faɗawa rukuni na ƙasa. Kaɗan ne daga cikinsu suka san cewa tsarin da ake tafiyar da gasar a kansa, wato kowane kulob ya kara da ɗan'uwansa gida da waje kuma a tara maki har ƙarshen kaka, ya samo asali ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a birnin Birmingham, wanda bai taɓa yin suna a matsayin ɗan wasa ba. Sunansa William McGregor, kuma shi ake kira uban gasar lig.

An haifi McGregor ranar 13 ga Afrilu, 1846 a ƙauyen Braco da ke yankin Perthshire na ƙasar Sikotlan. Ya koyi sana'ar sayar da yadi da tufafi a garin Perth. A shekarar 1870, yana ɗan shekara 24, ya bi sawun ɗan'uwansa Peter zuwa Birmingham, birnin da a lokacin yake bunƙasa da masana'antu da maƙera, mutane suna kwararowa cikinsa daga ƙauyuka neman aikin yi. A can ya buɗe kantinsa a titin Summer Lane, kusa da unguwar Aston, kuma da wannan kanti ya riƙe kansa da iyalinsa kusan har ƙarshen rayuwarsa.

Zuwan nasa ya dace da lokacin da ƙwallon ƙafa take sauya hannu a Ingila. Tun da farko wasa ne na 'ya'yan masu hali da suka fito daga manyan makarantun kwana, su ne suka kafa Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ingila, wato FA, a 1863, suka kuma fara gasar Kofin FA a kakar 1871 zuwa 1872. Amma da ma'aikatan masana'antu suka fara samun hutun rabin yini ranar Asabar, sai wasan ya gangaro unguwannin talakawa. Majami'u da masana'antu da ƙungiyoyin wasan kurket suka riƙa kafa ƙananan kulob-kulob don matasansu su sami abin yi a lokacin hunturu. Ta haka aka kafa Aston Villa a 1874, a hannun wasu matasan wata majami'a da ke Villa Cross. A wancan lokaci ba ta wuce irin ƙungiyoyin unguwa da muka sani ba, 'yan wasa su ne masu karo-karon kuɗin ƙwallo, su ne kuma masu gyara fili.

McGregor ya fara hulɗa ne da wani ƙaramin kulob mai suna Calthorpe, wanda 'yan Sikotlan mazauna Birmingham suke da yawa a ciki. A 1877 aka gayyace shi ya shiga kwamitin gudanarwar Aston Villa. Kulob ɗin ba shi da ofis na kirki, don haka a kantin McGregor ake ajiye rigunan wasa da sauran kaya, kuma sannu a hankali kantin ya zama matattarar masu sha'awar ƙwallo, inda ake zuwa jin sakamakon wasa da tattauna na gaba. Mutum ne mai riƙo da addininsa na Kirista, ba ya shan giya, kuma ya yi ta fama da 'yan wasa a kan shaye-shaye, domin a ganinsa shi ne ke kashe horo da ladabi a cikin ƙungiya. Ya shafe fiye da shekara 20 yana yi wa Villa hidima a muƙamai daban-daban, ciki har da darakta da shugaba. A zamaninsa ne kulob ɗin ya ci kofinsa na farko, Kofin Birmingham, a 1880, sannan ya ɗauki Kofin FA a 1887. Shi ake danganta wa shigo da hoton zakin nan na Sikotlan da har yau yake jikin tambarin Aston Villa.

Babbar rigimar da ta dabaibaye ƙwallon Ingila a farkon shekarun 1880 ita ce ta biyan 'yan wasa. Dokar FA ta ce wasa na sha'awa ne, ba a karɓar ko sisi. Wannan bai dami ɗan mai kuɗi ba, amma leburan masaƙa da zai bar aikin yini guda ya tafi wani gari buga wasa, asarar abincin gidansa yake yi. Kulob-kulob na yankin Lancashire suka riƙa biya a ɓoye, suna jawo ƙwararru daga Sikotlan suna sama musu aikin jeka-na-yi-ka a masana'antu. A 1884 aka kori Preston North End daga gasar Kofin FA saboda wannan laifi, lamarin da ya kusa raba hukumar gida biyu. McGregor yana cikin 'yan tsirarun wakilan yankin tsakiyar Ingila da suka fito fili suka goyi bayan a halatta biyan, maimakon a ci gaba da yaudarar juna. A watan Yulin 1885 FA ta amince.

Halatta albashi ya warware wata matsala, ya kuma haifar da sabuwa. Kulob da ke biyan 'yan wasa kowane mako yana buƙatar kuɗin ƙofa kowane mako, alhali babu wani tsayayyen jadawali. Ban da wasannin kofi, sauran duk wasannin sada zumunta ne da sakatarorin kulob ke shiryawa tsakaninsu ta wasiƙa. Idan abokin karawa ya sami gayyatar da ta fi tsoka, ko wasan kofi ya faɗo masa a ranar, sai ya soke alkawari, wani lokaci ana gobe wasa. Wani zubin a turo 'yan wasan benci, ko a zo ba a cika sha ɗaya ba. Kulob ɗin da aka fitar daga kofi tun zagayen farko kuwa, sai ya ƙare kaka yana neman wanda zai buga da shi. 'Yan kallo suka fara gajiya da zuwa fili su tarar babu wasa, ko su tarar da karawar da babba ke lallasa ƙarami da ƙwallaye barkatai. Ita kanta Aston Villa ta sha zama makonni ba ta taka leda ba saboda irin wannan saɓa alkawari.

McGregor ya dubi lamarin da idon ɗan kasuwa. Kantin da ba a san ranar buɗewarsa ba, ba ya riƙe abokin ciniki. Ranar 2 ga Maris, 1888 ya rubuta wasiƙa zuwa ga Blackburn Rovers da Bolton Wanderers da Preston North End da West Bromwich Albion da kuma kulob ɗinsa na Aston Villa. Abin da wasiƙar ta ƙunsa gajere ne: manyan kulob goma ko sha biyu su haɗu su tsara wasanninsu na gida da waje tun kafin kaka ta fara, kuma kowa ya ɗaure kansa da cika alkawari. Ya nemi kowane kulob ya ba da sunayen waɗanda yake ganin sun cancanci a gayyata.

An yi zaman farko ranar 23 ga Maris, 1888 a otal ɗin Anderton da ke Landan, ana gobe wasan ƙarshe na Kofin FA, lokacin da shugabannin kulob-kulob dama sukan hallara a birnin. Zama na biyu aka yi shi ranar 17 ga Afrilu a otal ɗin Royal da ke Manchester, kuma a nan aka kafa ƙungiyar. Sunan da McGregor ya kawo bai karɓu ba, domin ya yi kama da na hukumar wasan rugbi. William Sudell na Preston ne ya ba da sunan Football League, aka amince da shi. McGregor bai ja ba duk da cewa sunan bai kwanta masa ba. Aka zaɓe shi shugaba, aka naɗa Harry Lockett na Stoke sakatare.

Kulob 12 ne suka fara: Accrington, Aston Villa, Blackburn Rovers, Bolton Wanderers, Burnley, Derby County, Everton, Notts County, Preston North End, Stoke, West Bromwich Albion da Wolverhampton Wanderers. Shida daga Lancashire, shida daga tsakiyar ƙasar, babu ko ɗaya daga Landan ko kudu, inda masu ra'ayin wasan sha'awa suka fi ƙarfi. Layin dogo da ya haɗa garuruwan ne ya sa tafiyar ta yiwu, ƙungiya ta tashi da safe ta buga wasa ta kwana a gida. An kuma bi ƙa'idar kulob ɗaya daga kowane gari, abin da ya ɓata wa wasu kulob na Birmingham rai, domin sun ga kamar McGregor ya rufe musu ƙofa ne don amfanin Villa.

An buga wasannin farko ranar 8 ga Satumba, 1888, inda Villa ta tashi kunnen doki 1-1 da Wolverhampton. Abin mamaki, an fara gasar ba a gama yanke yadda za a ƙirga maki ba. Sai da aka yi makonni ana wasa sannan aka tsayar da maki biyu ga wanda ya yi nasara, ɗaya ga kunnen doki, tsarin da ya ɗore a Ingila har 1981 da aka koma maki uku. Kowane kulob ya buga wasa 22. Preston ta lashe gasar ba a doke ta ko sau ɗaya ba, ta ci 18 ta yi canjaras 4, ta haɗa da Kofin FA a wannan kakar. Aston Villa ta zo ta biyu. Kulob huɗu na ƙarshen teburi kuwa, doka ta ce sai sun sake neman a zaɓe su kafin su dawo, don kada wani ya yi sakaci yana taƙamar kujerarsa ba ta motsi.

Gasar da McGregor ya kafa ta kulob masu biyan albashi ce, amma waɗanda suka fi cin moriyar dabarar su ne ƙananan ƙungiyoyin da ba su da ko kwabo. Matsalarsu iri ɗaya ce da ta manya, har ma ta fi muni, domin su aka fi raina wa alkawari. Shekara guda kacal bayan haka, a 1889, aka kafa gasar Northern League a arewa maso gabashin Ingila, wadda daga baya ta shahara a matsayin gidan 'yan wasan sha'awa, kuma tana nan har yau. A shekarar ce kuma aka kafa gasar Birmingham da kewaye. Kafin ƙarni ya juya, gundumomi da garuruwa da makarantu da majami'u da masana'antu sun kafa nasu lig-lig, kowanne da sakatarensa na sa-kai da jadawalinsa da littafin dokokinsa. A 1892 babbar gasar ta haɗiye kishiyarta mai suna Football Alliance aka sami rukuni na biyu. Daga nan aka fara gina tsanin da ya sa a yau, a ƙa'ida, ƙungiyar ƙauye a Ingila za ta iya hawa mataki-mataki har zuwa rukunin ƙoli.

Abin da lig ya kawo wa ƙaramar ƙungiya ya wuce kofi. Matashin da ya san yana da wasa kowace Asabar har tsawon watanni yana da dalilin zuwa atisaye. Ƙungiyar da ta sha kashi yau tana da damar ramawa mako mai zuwa, saɓanin gasar sili-ɗaya-ƙwale da ke sallamar rabin ƙungiyoyi tun ranar farko. Akwai kuma kwamitin da za a kai wa ƙara idan wani ya ƙi zuwa fili ko ya saka ɗan wasan da ba nasa ba. Duk wanda ya taɓa shirya gasar unguwa a garuruwanmu ya san cewa waɗannan su ne ke raya gasa ko su kashe ta, kuma yawanci mutum ɗaya ne ke ɗauke da nauyin, wani mai shago ko ma'aikacin gwamnati da ke ajiye riguna a gidansa yana bin alƙalan wasa da kuɗin mota daga aljihunsa.

McGregor ya riƙe shugabancin kwamitin gasar har 1892, ya zama shugaban girmamawa har 1894, sannan a 1895 aka ba shi kujerar ɗan ƙungiya na har abada. Ya ga Aston Villa ta lashe gasar da ya kafa har sau shida, a 1894 da 1896 da 1897 da 1899 da 1900 da 1910, ya kuma ga ta tare a filinta na Villa Park a 1897. A shekarunsa na ƙarshe ya riƙa rubuta sharhin ƙwallo a jaridu, kantinsa kuma ya ƙara da sayar da rigunan wasa da ƙwallaye. Bai tara dukiya daga harkar ba. Kuɗin da suka fara kwarara cikin wasan sun wuce ta gabansa, shi kuwa ya ci gaba da zama mai kanti a unguwarsu.

Ya rasu ranar 20 ga Disamba, 1911 a Birmingham bayan jinya, yana da shekara 65. An binne shi a maƙabartar majami'ar St Mary da ke Handsworth. A 1992 manyan kulob suka ɓalle daga gasar da ya kafa suka ƙirƙiri Firimiya saboda kuɗin talabijin, amma tsarin gida da waje da teburin maki suka tafi da shi yadda ya bar shi. A watan Nuwamban 2009 magoya bayan Aston Villa, waɗanda suka yi karo-karo don aikin, suka ƙaddamar da mutum-mutuminsa na tagulla a harabar Villa Park. An sassaƙa shi a tsaye da dogon gemunsa, yana riƙe da takarda a hannu, wadda ke nuni da wasiƙar nan ta ranar 2 ga Maris, 1888.