Waliyyi Damiyan na Molokai, Uban Kutare

An haifi Yusufu de Veuster ranar 3 ga Janairu 1840 a ƙauyen Tremelo na ƙasar Beljiyam, cikin gidan manoma. Da ya shiga ƙungiyar Tsarkakan Zukatan Yesu da Maryamu, sai ya ɗauki sunan Damiyan. Wansa aka zaɓa domin aikin bishara a tsibiran Hawai, amma rashin lafiya ta hana shi, Damiyan ya tafi a madadinsa. A birnin Honolulu aka naɗa shi firist a 1864.

A wancan zamani kuturta ta addabi mutanen Hawai. Tun daga 1866 hukuma ta riƙa kwashe masu cutar tana kai su wani lungu na tsibirin Molokai, tsakanin teku da dogayen duwatsu, inda magani da matsuguni suka yi ƙaranci. A al'adar mutanen ba a gudun majiyyaci, saboda haka raba su da dangi ya fi musu ciwo, har suka laƙaba wa kuturta sunan cutar rabuwa.

Fada Damiyan ya isa wurin ranar 10 ga Mayu 1873. Da harshensu yake yi musu magana da wa'azi. Yakan zauna tare da su, ya sa hannu a ƙwarya ɗaya su ci abincinsu na kirɓaɓɓen gwaza. Ya wanke gyambuna, ya gina ɗakuna, ya jawo ruwan sha, ya tattara marayu, ya ƙera akwatunan gawa domin a binne kowa da mutunci. Bai gaji da damun hukuma da wasiƙu ba, yana neman a ba su magani da abinci kamar sauran 'yan ƙasa.

Daga baya cutar ta kama shi. Ya rasu ranar 15 ga Afrilu 1889 yana da shekara 49, Uwa Mariyan Cope da sistocinta suka ci gaba da hidimar. Paparoma Benedict na 16 ya ayyana shi waliyyi a 2009.

'Yan'uwa, yau kuturta tana warkewa, maganinta kuma kyauta ne. Amma majiyyacin da ake ƙyama, ko wanda ba a jin harshensa, da wuya ya koma asibiti. Bari masu jinya a cikinmu su yi koyi da wannan bawan Allah. Waliyyi Damiyan, ka yi addu'a dominmu.